Fentin Keke Ba Ado Kaɗai Ba Ne

A kakar da ta wuce, wani dattijo ɗan ƙungiyarmu ya ɗaura buhun riɗi a kariyar kekensa tun da asuba, ya kamo hanyar rairayin nan da take fitowa daga ƙauyukan arewa zuwa garin Birniwa. Bai yi nisa ba ƙafar gaba ta faɗa wani ɗan rami, ramin da ya saba faɗawa kowace ranar kasuwa ba abin da yake samunsa. Ran nan kuwa sai fok ya ɓalle. Mutum ya kifa ta kan keke, ya karye a kafaɗa, buhu ya fashe. Wanda ya san riɗi ya san ba a tsince shi daga cikin rairayi. Abin da 'ya'yansa suka iya kwasowa suka tankaɗe bai kai rabin buhu ba, shi ma ɗin mai saye ya karya masa farashi saboda ƙasa. Shi kuwa ya yi mako shida da hannu a rataye, daidai lokacin da aiki ya fi yawa a gona.

Da muka je gaishe shi muka roƙa a fito mana da keken. Muka kwance robar tif da ya nannaɗe fok da ita, sai ga jar tsatsa tana zuba kamar garin barkono. Ƙarfen wurin ya koma kamar ɓawon ƙwai, da farce muka ɓare shi. Muka ce, "Baba, me ya sa ka naɗe nan?" Ya ce ai shekara uku ke nan jarkar da yakan rataya a kan keke ta goge fentin wurin, ya ga ya yi muni, ya rufe don kada keken ya zubar masa da mutunci a kasuwa. Ƙujewar da ya rufe, in ji shi, ba ta fi farcen babban yatsa faɗi ba.

Shi ya sa muka keɓe shafin nan ga abin da mutane da yawa za su ce bai isa a ɓata takarda a kansa ba, watau ƙujewa da ɓantarewar fenti a jikin keke.

Keke ya komo

Tsofaffinmu sun san zamanin da keke ne dokin talaka. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Kano, ta bi ta Malam Madori da Birniwa, ta kai Nguru a 1930, kuɗin gyaɗa suka shigo ƙasar nan, manomin da ya sami rara keke yakan fara sa wa ido. Raleigh ne sarkinsu, na birnin Nottingham ta Ingila, har daga baya kamfanin ya kafa masana'anta a Bompai cikin Kano. Sa'an nan Phoenix na ƙasar Sin, da Hero da Avon na Indiya suka cika kasuwa. Da kuɗin Udoji suka fito a 1975 ma'aikata suka fara hawa babur. Da baburan ƙasar Sin masu araha suka shigo kuwa, har manomi ya raina keke, ya bar wa yara da tsofaffi.

Amma tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, labari ya sake. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Kekunan da aka jingine a zaure ko bayan rumbu suka fito, aka kaɗe ƙura, aka sa taya da tif, aka hau. Ba wanda ya tsaya ya duba firam. Ga shi kuwa nauyin da muke ɗora masa yanzu nauyin babur ne. Buhun takin zamani kilo 50 ne. Jarka biyu ta lita 25 cike da ruwa, kilo 50 ke nan ban da mahayi. Sabon keke kuma ba ya sayuwa da sauƙi, gama da kuɗin waje ake shigo da shi ko kayan haɗinsa. Wanda yake hannunka shi ne naka.

Yadda tsatsa take ci

Mutane da yawa suna tsammani firam ɗin keke sandar ƙarfe ne cikakkiya. Ba haka ba ne. Bututu ne, cikinsa fanko, bangon bututun kuwa bai kai kaurin tsinken ashana ba. Da haka keke yake da ƙarfi amma bai yi nauyi ba. Watau abin da ya raba mahayi da ƙasa ɗan siririn ƙarfe ne, abin da ya raba ƙarfen da ruwa kuwa fenti ne wanda bai fi takarda kauri ba.

Sa'ad da muke kwalejin horon malamai an sa mu wani ɗan gwaji da muke so kowace ƙungiya ta yi a taronta na gaba, gama gani ya kori ji. A sami kwalabe uku da sababbin ƙusoshi uku. Ta fari a sa ƙusa a busasshiyar kwalba a toshe. Ta biyu a zuba ruwa ya kai rabin ƙusar, a bar bakin a buɗe. Ta uku a yi kamar ta biyu, amma a ƙara ɗan gishiri ko ƙwayar takin zamani kaɗan. Bayan mako guda a duba. Ta fari tana nan fes, ta biyu ta yi ja, ta uku ta fi ta lalacewa nesa. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, gishiri kuwa shi ne mai zuga su.

A masana'anta ba shafa fenti kawai ake yi ba. Akan wanke ƙarfen da magani ya fita daga maiƙo, a ba shi fentin fari mai kama ƙarfe, sa'an nan a ba shi na sama mai ƙyalli, a gasa shi a tanda mai zafin da ya fi na tafasasshen ruwa. Shi ya sa tsohon Raleigh da ba a ci zalinsa ba yakan shekara arba'in yana baƙi wuluk. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Da zarar fenti ya ɓantare ko da ƙwayar gero ce, ruwa ya sami ƙofa. Tsatsa kuwa tana da mugun hali biyu. Na ɗaya, takan kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta ɗaga fentin da yake kewaye da ita, ta buɗe wa kanta sabuwar gona. Na biyu, tana shan ruwa kamar soso, ko sama ya bushe ƙasanta yana nan da laima. In ka ga fenti ya yi bororo kamar ƙunar wuta, to, tsatsa ta riga ta yi tafiya a ƙarƙashinsa.

Maƙiyan keke a ƙasarmu

Mu mutanen Birniwa ƙasa biyu muke takawa. Arewa tudu ne da jigawa, kudu kuwa in ka nufi Kirikasamma da Guri fadama ce ta kogin Haɗejiya. Keke ɗaya ne yake shiga duka biyu, kowace kuma da irin ɓarnarta.

Rairayin tudu shi ne mai fara aikin. Taya tana ɗibarsa tana watsa wa bututun ƙasa da cikin madigadi, yau da gobe sai ya cinye fentin kamar samfefa. Da rani ba ka ganin kome, gama iskarmu busasshiya ce, ƙarfe yakan yi wata da watanni tsirara bai yi ja sosai ba. Nan ne muke ruɗuwa, mu ce ai keken nan ba ya tsatsa. Damina tana sauka, daga Yuni zuwa Satumba, sai ta tarar da ƙofofi a buɗe.

Masu zuwa fadama noman shinkafa ko sarin kifi su suka fi shan wuya. Baƙar lakar nan takan manne a gindin firam inda feda take juyawa, da bayan fok, da cikin madigadi, ta riƙe laima kwana da kwanaki bayan hanya ta bushe. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin ta sake, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa irin na Marma, ruwa yakan kwanta a wuraren da dā ake wucewa a bushe. A ambaliyar 2022 kuwa akwai kekunan da suka kwana cikin ruwa a ɗakunan da suka rushe. Keken da ya nutse, ruwa ya shiga cikin bututunsa, yana cinsa daga ciki inda ido ba ya gani.

Amma a ganinmu babban maƙiyin keken manomi ba ruwa ba ne, taki ne. Yuriya da NPK suna jawo laima daga iska da kansu. Buhu ya ɗan huje, gari ya zuba a kariya da madigadin baya, da dare raɓa ta sauka, shi ke nan kwalba ta uku ta gwajin nan ta samu a kan kekenka. Duba kariyar kowane ɗan ƙungiya da ya ɗauko takinsa da keke, za ka ga inda buhu ya zauna. Gishirin dabbobi haka. Kanwa kuwa nata ya fi, gama ba ta jiran fenti ya ɓantare, ita da kanta take narkar da fentin mai, kamar yadda ruwan toka yake juya mai ya zama sabulu a hannun matanmu. Ruwan ɗanyen kifi da zufar da take ɗiga a kan sandar keke su ma gishiri ne.

Saura kuwa mu ne da hannunmu: igiyar da take goga wuri ɗaya kullum, fartanya da gatari da ake ɗaurewa a jikin sanda ba tsumma, jingina keke a bangon siminti, da yara masu koyon hawa.

Sai mu faɗi wata magana da mun san ba za ta yi wa samari daɗi ba. Al'adar nan ta barin ledar masana'anta a jikin sabon keke, da nannaɗe firam da roba mai launi don ado, cuta ce. Ruwa yana shiga ta bakin naɗin, ba ya fita. Kura ce aka rufe a garken awaki, aka ja ƙyaure don kada a gan ta.

Duba tukuna

Kafin ka sayi fenti, wanke keken sarai da ruwa da sabulu, ka kwance kowace roba da leda da waya da aka naɗa, ka kifa shi a kan sirdi da kai a inuwa mai haske. Yawancin ɓarna tana ƙasa, inda mahayi ba ya gani. Duba wuyan fok da ƙafafunsa biyu, da bututun ƙasa kusa da inda ya haɗu da wuyan keke, da gindin firam, da ƙarafan nan biyu da suke riƙe da ƙafar baya, da inda kariya take ɗaure.

In ƙujewa ce kawai wadda ba ta kai ƙarfe ba, har kana ganin fentin ƙasa, ba gaggawa, ɗan shafi ɗaya ya isa. In ƙarfe ya fito, ko ya yi ja amma da ka kankare da wuƙa ka ga farin ƙarfe sumul a ƙasa, wannan shi ne aikin da za mu bayyana. In kuwa ka kankare ka ga ramuka masu zurfi kamar zanzana, sai ka danna wurin da bakin ƙusa da ƙarfi, ka kuma ƙwanƙwasa da makulli. Lafiyayyen bututu yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Inda ƙusa ta lotsa ko ta shige, fenti ba shi da magani a nan.

Akwai wata alama da muke so kowa ya riƙe. In ka ga fenti ya tsage a zagaye kamar zobe, ko ya tattare kamar fatar tsoho, a bayan wuyan keke ko a saman fok, ba ƙujewa ba ce. Ƙarfen ne ya lanƙwashe ko ya fara tsagewa, fenti yana ba ka labari. Wanda ya shafe wannan da fenti ya toshe bakin mai gargaɗi.

Firam da ya tsage a kai shi ga mai waldar gas wanda ya iya liƙi da tagulla, gama da tagulla aka haɗa gaɓoɓin irin waɗannan kekuna tun fari. Waldar lantarki irin ta ƙofa da taga takan ƙone siririn bututu, ya sake karyewa a gefen ɗinkin. Fok kuwa, mu dai shawararmu kada a yi masa walda ko kaɗan. A sayi wani. In ƙarfen baya ya karye keke yakan zauna da kai, in na gaba ya karye da fuska kake sauka.

Masu kekunan gwanjo na Turai da Japan su sami maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifikar rediyo, su kanga a firam. In bai kama ba, alminiyam ne. Shi ba ya jar tsatsa, ƙujewarsa ba abin damuwa ba ce sosai sai in taki ko kanwa suna taɓa shi, amma in ya tsage ba mai gyara shi a nan kusa.

Aikin kansa

Kayan ba su da yawa: samfefa iri biyu, tina, jan fentin nan da masu walda suke fara shafa wa ƙofar ƙarfe, ƙaramin gwangwanin fentin mai, tsumma mai tsabta, da ƙaramin buroshi. In ba buroshi, gashin fiffiken kaza yana yi, ƙaramin tabo kuwa tsinken ashana ya fi kome. Fentin ruwa na bangon ɗaki ba shi da amfani a nan. Samfefa tana da lamba a bayanta, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Mai lamba 120 ta cin tsatsa ce, mai 320 ko 400 ta lallashi ce.

Kashi tara cikin goma na aikin nan kankara ne, shafa fenti kashi ɗaya ne. A nan ne kusan kowa yake kuskure. Mutum ya ga ja, ya tsoma buroshi ya rufe, ya ji daɗi. Wata uku sai wurin ya kumbura ya ɓare, ya ce fentin jabu ne. Ba fenti ba ne, tsatsar da ya binne da rai ce. Sai ka kankare har farin ƙarfe ya fito yana ƙyalli, ka bi tsatsar ƙarƙashin fenti duk inda ta nufa har ka iske fentin da ya kama gam. Kada ka ji tsoro in tabon da ya fara kamar ƙwayar wake ya koma kamar tafin hannun jariri. Girman ciwon ke nan tun dā. Ramukan da samfefa ba ta kai cikinsu ba, a ɗiga ruwan lemun tsami a bar shi ɗan lokaci, a goge da burushin waya ko bakin allura, a ɗauraye da ruwa sosai, a busar nan take. Sa'an nan ka bi bakin tsohon fenti da samfefa mai laushi har yatsa ya daina jin tudu tsakaninsa da ƙarfe.

Ka riƙa jiƙa samfefar da ruwa, in irin mai jure ruwa ce, don kada ƙura ta tashi. Muna da dalili. An sha auna fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya aka sami dalma a cikin waɗansu, tsohon fenti ma haka. Dalma ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, yara ƙanana kuma ta fi kamawa. Saboda haka kada a yi aikin nan a tsakar gida inda ake daka da shanya, a wanke hannu da sabulu kafin a ci goro ko abinci, gwangwanin da ya ƙare kuma kada ya zama moɗa ko abin wasan yara, kada kuma a yar da shi inda maruƙa za su lasa.

Bayan kankara sai a goge wurin da tsumma da tina. Kananzir yana wanke dauɗa, amma yana barin maiƙo, fenti kuwa ba ya kama maiƙo. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa wurin, kada kuma a bar shi ya kwana tsirara. A shafa jan fentin masu walda siriri, ya ɗan hau kan tsohon fenti kaɗan, a bar shi har gobe. Kashegari a shafa fentin mai, shi ma siriri, a sake barinsa kwana guda, a ƙara na biyu. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri, gama mai kauri yakan yi hawaye, samansa ya bushe cikinsa yana ɗanye, igiya ta fari ta kwashe shi. Fentin mai yakan daina kama hannu cikin yini guda, amma ba ya taurin gaske sai ya yi kamar mako. Ana iya hawa bayan kwana biyu, amma kada a ɗaura kaya a wurin sai mako ya cika.

Kada a yi shafi a rana tsaka ko a kan ƙarfe mai zafi. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, in ta sauka a ɗanyen fenti sai ya fito kamar bangon da aka yi wa yaɓe. A shiga ɗaki ko zaure, a yayyafa ruwa a ƙasa, a bar taga ta gefen da iska ba ta bugowa a buɗe saboda wari, a yi nesa da murhu da fitila da mai shan taba, gama tina 'yar'uwar fetur ce wajen kama wuta.

Ƙaramin tabo da ka gani yau, kana kuwa da tafiya gobe, jan farce yana tsare shi, yana bushewa kafin ka gama shan kunu. Ba ya daɗewa kamar fenti, amma ya fi bari. Sai dai a roƙi uwargida tukuna, kada gyaran keke ya jawo gyaran aure. In shi ma babu, a kankare a shafa giris, a riƙa sabuntawa har ranar fenti, ran nan kuma a wanke shi tas da tina. Baƙin man inji da waɗansu suke shafe keke duka da shi, yana hana tsatsa kam, amma yana tara rairayi, yana ɓata riga, yana cin roba, daga baya kuma fenti ba ya kama wurin sai da wahala.

Inda robar birki take kama rim, kada fenti ko mai ya kusance shi. Haka bakin noti da inda boris yake juyawa. Ƙananan hujojin nan da suke ƙasan fok da ƙarafan baya, a bar su a buɗe, in sun toshe a zokale da ƙaya, ta nan laima take fita. Cikin bututu kuwa buroshi ba ya shiga: a zare sandar sirdi, a kifa keken ruwa ya tsiyaye, a bar shi a rana yini guda, a zuba sabon man inji kamar cokali biyu, a jujjuya firam ya bi ko'ina, a shafa wa sandar giris a mayar. Duk keken da ya ratsa ruwa har ya rufe feda, a yi masa haka cikin makon.

Baƙin keke ba shi da wuyar dacewa da launi. Kore da shuɗi da ja kuwa, kome ƙoƙarinka sabon ba zai yi daidai da wanda rana ta ci ba, keken zai fito da ɗigo-ɗigo kamar zabo. A bar shi haka. Waɗansu sukan ce gara a fente shi duka, mu ba mu goyi bayan wannan ba sai in fentin ya ƙare ɗungum. Fentin masana'anta da ya rage ya fi duk wanda za ka shafa da hannu ƙarfi. Ban da haka, keken da aka shafe duka dillali yakan dube shi da ido biyu, ko walda aka ɓoye, ko kuwa na wani ne aka sauya wa kama.

A yi shi a ƙungiyance

Abin da yake hana mutum ɗaya yin aikin nan shi ne, kekensa bai fi buƙatar cokali biyu ko uku na fenti ba, ga shi sai ya sayi gwangwani biyu da kwalbar tina, saura ya daskare kafin baɗi. Amma ƙaramin gwangwani ɗaya yana isar kekunan ƙungiya guda. Kamar yadda muke haɗa kuɗi mu sayi taki da iri, haka za a fitar da ɗan abu daga asusu a sayi kayan nan, ma'aji ya ajiye. In an gama a goge bakin gwangwani, a buga murfi ya zauna, a kifa shi sau ɗaya fentin ya toshe kafar iska da kansa.

Lokacin da ya fi kyau shi ne da ɗaukewar ruwa, cikin Oktoba, laima ta tafi ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. Mun san lokacin ne kuma keke ba ya hutawa, riɗi da gyaɗa da wake duk suna jiransa. Saboda haka abin da muka ga yana yiwuwa shi ne a raba aikin biyu. Da ɗaukewar ruwa a wanke, a kwance naɗi, a duba fok, a shafa giris a inda ya yi ja, wannan aikin yamma ɗaya ne. Fenti kuwa a bari sai an gama kai amfani kasuwa, amma lalle kafin ruwan fari. A sa kwana uku a jere, rabin kekuna wannan mako, rabi mako mai zuwa, don a sami na aro.

Ran nan kuma sakatare ya zo da littafinsa. Kowane firam yana da lamba da aka buga a ƙarfe, wani a ƙarƙashin sirdi, wani a gindin firam, wani kusa da notin ƙafar baya. A rubuta ta da sunan mai keke. Kada a ci ta da samfefa, kada a cika ta da fenti mai kauri, gama ran da keke ya ɓata ita ce shaidarka.

In fenti ya yi tauri, inda igiya ko jarka take goga a sa guntun tsohuwar tiyo ko tif, amma irin ɗaurin da ake kwancewa a duba, ba naɗin shekara uku ba. Kariya kuwa a shimfiɗa mata ɗan katako ko leda mai kauri kafin a ɗora taki ko kanwa, a sauke a wanke ran nan.

Dattijon nan namu ya warke, 'yan ƙungiya suka taimaka aka saya masa sabon fok. Da muka kankare sauran firam ɗin muka tarar ƙarfen yana nan da ƙarfinsa, ashe wurin da ya naɗe ne kaɗai ya ruɓe. Ƙungiyar da take so mu zo mu nuna aikin nan da hannu, sakatare ya gaya wa malamin gona na yankinsu tun da sauran mako biyu. Kowa ya zo da kekensa a wanke, da tsumma, da gashin kaza biyu, ɗaya na ja ɗaya na baƙi.